Ba Gwadabe Ya Haɗa Injin Nan Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, kuma Gwadabe ya riga mu amsa kira. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1978, a farkon watan Rabi'us Sani, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Gwadabe bakanike, mai gareji a Ƙofar Kaura, bayan ya yi kwana goma sha ɗaya yana jinyar ƙunar wuta. Shekararsa arba'in da shida. Ya bar matarsa Rabi da ɗiya uku mata, babbarsu Hauwa'u. An yi masa sutura kafin magariba, kuma jama'ar da ta raka shi ba ta ƙidayuwa.

Ni sunana Sada. Taubashinsa ne ni, uwarsa ƙanwar ubana ce, a zaure ɗaya muka yi rarrafe a Ƙofar Durɓi. Shekara tara ina malamin ofis a wurin Alhaji Dabo ɗan kwangila. Na faɗi wannan tun yanzu don mai karatu ya san wanda ke magana, don abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce, a gabana aka yi.

Na sani ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Malamai sun hore mu da haƙuri, sun ce a ambaci mamaci da alheri a yi shiru. To, da alherin zan ambace shi, amma shirun ne ba zan iya ba, domin raina a ɓace yake, kuma tun ranar da aka sa shi a ƙasa bai daina ɓaci ba. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka fara yawo da magana a garin nan, wai Gwadabe aikinsa ne ya ci shi. Wai ƙarambanin akuya ne, gai da kura, mutumin da ko aji ɗaya bai yi a makarantar boko ba ya ce zai canza wa Bature ƙirar inji. A tasha na ji, a bakin masallaci na ji, har a wurin zaman makokinsa na ji ana raɗawa. Mamaci ba shi da bakin kare kansa, shi ya sa kowane ɗan ƙarya ya sami filin sukuwa. Gwadabe bai bar wa ɗiyansa gidan bene ba, bai bar musu gona ba. Suna ya bar musu, kuma sunan ake so a ƙone, kamar ƙunar jikinsa ba ta isa ba.

Gwadabe, bari in yi magana da kai kamar yadda muka saba, ko da yake yau ba za ka katse ni da dariyar nan taka mai ban haushi ba.

Masu cewa ba ka san aikin ba, ina suke lokacin da ka tsallaka iyaka ka yi shekara huɗu a Damagaram ƙarƙashin wani tsohon bakanike Bafaranshe? Ka tafi da riga ɗaya da sifana biyu, ka dawo da littafin da ka cika da zanen hannunka, kowane bututu da inda ya nufa, kowane noti da ƙarfin da ake ɗaure shi. Ba ka karanta Faransanci, amma ka sa aka karanta maka, ka rubuta da ajami a gefen kowane zane. Na sha yi maka tsiya in ce kundin tsibbu ne, kai kuma ka ce ai gara naka kundin, yana tayar da matacce, nawa na ofis kuwa sai kwantar da mai rai.

A garin nan kaf, kai kaɗai ne za a ajiye wa tsohon inji a ƙasa, ba takarda, ba mota, ka faɗi asalinsa. Na ga yadda kake yi har na haddace. Sai ka sa tsumma da kananzir ka goge wurin da aka buga lamba a jikin gangar injin, ka goga alli, ka hure, lambar ta fito fari tas. Ba ka tsaya nan ba, don ka ce lamba baki ce, kuma baki yana ƙarya. Sai ka bi wurin da babban yatsa idonka a rufe. Sai ka kwance fulogi ɗaya, ka ɗauko ɗan madubin nan da ka sace wa Rabi, ka tare hasken rana ka cusa shi cikin ramin, ka leƙa kan fistan. Daga nan ka miƙe ka ce wannan daga akori-kura aka ciro shi, ya yi dakon kaya a cikin rairayi, an taɓa buɗe shi sau ɗaya, kuma wanda ya buɗe shi bahago ne. Mutane su yi ta dariya, a je a bincika, a tarar haka ɗin ne.

Shekarun nan da kuɗin mai suka ɓarke, kowa ya zama mai mota. Wanda jiya jaki yake kora yau yana tambayar inda ake sayen fetur. Injuna kuma suka riƙa shigowa ta kan iyaka cikin akwatunan katako, an wanke su, an fesa musu fenti suna ƙyalli. Kanikawa da yawa sun yi gidaje da wannan harka, a kawo inji, a ɗora, a tayar, a yi sallama. Kai kuwa sai ka duba. Mutum nawa ka kora da injinsa a bayan kura, yana zaginka, bayan wata uku ya dawo yana sunkuyar da kai? Ba ka taɓa ce wa ɗayansu "ai na faɗa maka" ba. Shayi kake sa a kawo masa.

Kuma a daina cewa ba ka iya mayar da mota kan injekta ba. Ga wanda bai sani ba, yawancin motocinmu kafireta gare su, wato ɗan kwanon nan da ke kan inji, inda fetur ke gauraya da iska injin ya zuƙa da kansa. Mai injekta kuwa famfo gare ta, da ke tura fetur da ƙarfi ta cikin bututun ƙarfe ya fesa wa kowace silinda nata rabo, kamar allurar asibiti. Ta fi ƙarfi, ta fi gudu, ba ta shaƙewa a hawa. Amma ba kowane inji ke karɓar wannan aiki ba. Dole gangarsa ta zama wadda aka ƙera don haka tun daga masana'anta, da mazaunin famfo, da hanyar baƙin man da zai shayar da shi, da kan inji da fistan irin nasa. Ka yi wannan aiki sau uku a rayuwarka, kuma motocin uku suna kan titi yau da nake rubutun nan. Ɗaya Fijo ce ta Hajiya Zuwaira unguwarzoma, wadda take zagaya ƙauyuka da ita wajen masu naƙuda. Mako bakwai ka yi a kanta. Hajiya ta zo ta yi faɗa, ta koma, ta dawo ta yi faɗa, ka ce mata, "Hajiya, motar da za ta ɗauki mai ciki ba a yi mata gaggawa." Shekara uku ke nan, ko tari motar ba ta taɓa yi ba. Duk mai shakka ya je Ƙofar Sauri ya tambaye ta, tana nan da ranta, kuma ba ta da tsoron kowa.

Alherinka kuwa ba a inji kaɗai ya tsaya ba. Injin niƙan matan unguwa in ya tsaya, kai ne. Famfon rijiyar masallaci, kai ne. Direban da motarsa ta mutu a bakin ƙofa, baƙo, bai san kowa ba, a gidanka yake cin tuwo. Na tuna ranar da ka mari wani ƙaton direban tanka don ka gan shi yana zuƙo fetur da baki ta tiyo, sannan ka zaunar da shi ka ba shi nono ya sha, kana yi masa faɗa kamar ka haife shi. Ba ka wasa da fetur, Gwadabe. Ko taba ba a sha a garejinka, kuma duk motar da ta shigo, kafin ka ɗaga murfin inji sai ka zare makulli ka jefa a aljihunka. Wannan kowa ya sani. Irin wannan mutum ne yau ake cewa ganganci ya kashe shi!

To, ga yadda aka yi. Zan faɗa daki-daki, da nawa laifin a ciki, don laifi tudu ne, na daɗe ina take nawa ina hango na wani.

Bara, bayan babbar salla, wani abokin hamayyar Alhaji Dabo a harkar kwangila ya sayo mota mai injekta, da rubutun injekta a bayanta kowa na gani. Suka haɗu a hanyar Kano, ya wuce Alhaji ya bar shi da ƙura. Alhaji bai ci abinci da daɗi ba ranar. Sabuwa ba ta samuwa sai an jira watanni, shi kuwa ba ya jira. Aka ce masa ana samun tsohon inji mai injekta a tsallaken iyaka, da famfonsa da komai, a ɗora wa motarsa. Ni ya aika, don ina ɗan jin Faransanci kuma na iya duba takarda. Na tafi Maraɗi, wani dillali ya kai ni wani shago, aka nuna mini inji fes, da kwali cike da famfo da bututai. Na duba lambar da ke jikinsa, na duba ta takarda, suka dace. Na dawo ina hura hanci. Alhaji ya yabe ni a gaban jama'a, ya ce ilimi ya yi rana.

Da sassafe na riga Alhaji zuwa garejinka da injin. Ka goge, ka goga alli, lambar ta fito. Ka bi ta da yatsa, sai na ga ka daina murmushi. Ka ɗauko rular ƙarfe ka ɗora a wurin, ka ce in sunkuyo. Haske na wucewa ta ƙarƙashinta. Ka ce wurin lamba daga masana'anta a miƙe yake, da 'yan layuka sirara kamar saƙa, wannan kuwa an kankare shi har ya yi kwari, an buga sabuwar lamba a kai. Ka leƙa fistan da madubi, ka zagaya ka nuna mini inda mazaunin famfo ya kamata ya kasance, babu shi. Ka ce, "Sada, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Wannan injin kafireta ne, na akori-kura. Famfon kuwa daga wata motar aka ciro shi. Ba uwarsu ɗaya ba, ba ubansu ɗaya ba."

Abin da ya zo mini ba ran kowa ba ne, kaina ne. Alhaji zai ce ko dai ni wawa ne, ko kuma da ni aka haɗa baki aka cuce shi, kuma duk wanda ya zaɓa, aikina ya ƙare. Na kama hannunka, hannun nan mai baƙin mai, na ce ka rufa mini asiri don zumuncin da ke tsakaninmu, don darajar gwaggo da ke kabari. Ka ce ba za ka yi ƙarya ba, kuma ba za ka haɗa shi ba, amma maganar lamba ba za ta fito daga bakinka ba. Ka ce ni in nemi rana in faɗa masa da kaina. Na ce to.

Da Alhaji ya iso, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Alhaji, wannan inji ba zai ɗauki injekta ba. In kana so in ɗora maka shi da kafireta, zai yi maka shekaru. In injekta kake so, a ba ni lokaci in nemo wanda ya dace." Alhaji ya zaro takarda ya kaɗa maka a fuska, ya ce ga lamba, ga shaida, malaminsa ya duba, kai wane ne? Ya ce ka faɗi gaskiya kawai, aikin ya fi ƙarfinka. A gaban direbobi da masu jiran gyara ya kira ka bakaniken keke. Rular tana hannunka, Gwadabe. Taku biyu ne tsakaninka da injin, da ka ɗora ta, da magana ta ƙare a nan. Ka dube ni sau ɗaya, ni kuwa ina kallon takalmina. Sai ka mayar da rular cikin akwati, ka ce, "Allah ya huci zuciyar Alhaji."

Aka kwashi injin aka kai wani gari, wurin wani wanda ba ya cewa a'a. Ba zan kama sunansa ba, shi da Allah. Cikin kwana shida ya haɗa. Ya yi wa famfon mazauni da walda, ya jawo baƙin mai ta inda ya ga dama, ya manna rubutun a bayan mota. Alhaji ya dawo yana zagaya gari, har ta gaban garejinka ya sa aka bi ana danna ham. Wata uku ina da damar in buɗe baki. Kullum in ce gobe. Duk lokacin da muka haɗu ka tambaye ni, "Ka faɗa masa?" In ce ina neman lokacin da ransa ke da daɗi. Har ka ce mini, "Sada, motar nan tana warin fetur, na ji da ta wuce. Ko don direban ka faɗa." Na ce to. Wallahi na ce to, na tafi na ci tuwona.

Ranar Juma'a, uku ga Maris, da hantsi, muna dawowa daga Kano, ni a gaba kusa da direba, Alhaji a baya. Tun daga nesa da gari motar ta fara shaƙewa, warin fetur ya cika ciki har idanu na yaji. Da ƙyar ta kawo mu Ƙofar Kaura, ta mutu ƙasa da taku hamsin daga garejinka. Da wani ne aka ci wa mutunci irin naka, da ya juya baya. Kai kuwa ka taso da kanka, ka sa hannu aka turo ta. Ka karɓi makulli daga direba ka jefa a aljihu kamar kullum. Ka ce kowa ya fito ya matsa, kada a taɓa komai. Ni da direba muka fito. Alhaji ya ce rana ta yi zafi, ba zai tsaya a titi kamar mai jiran lori ba, ya yi zamansa.

Ka ɗaga murfin, na ji ka yi salati. Tiyon da ke kawo fetur daga tanki zuwa famfo, wanda ya kamata ya zama mai jure matsi, da maɗaurin ƙarfe, ashe tiyon banza ne, an ɗaure bakinsa da igiyar roba irin wadda ake yankowa daga tsohuwar tayar keke. Ya tsage, kana taɓa shi ya zame a hannunka. Ka ɗaga murya ka ce a miƙo maka sifana ka cire kan batir.

Abin da ba ka sani ba, Alhaji yana da makulli na biyu a cikin tarin makullansa. Lokacin labarai ya yi, yana so ya ji ko an ambaci kwangilolin da aka raba a Kaduna. Ya miƙo hannu daga baya ya zura makullin ya murɗa, don rediyo ta kama. Duk wanda ya saba da motar kafireta ya san in ka murɗa makulli rabi, ba abin da ke motsi sai fitilun gaban direba. Haka muka taso muka gani, haka kowa ke yi in yana jira a mota. Amma mai injekta tana da wani ƙaramin famfo na lantarki a wajen tanki, wanda makulli na juyawa yake fara turo fetur, ko an tayar da inji ko ba a tayar ba. Na ji ƙararsa, zzzz, kamar sauro. Fetur ya yi tsartuwa daga tsagaggen tiyon ya wanke maka ƙirji da fuska, ya zuba a kan inji da ya sha tafiyar Kano. Ban san ko zafin ƙarfe ne ko wata waya ce ta yi tartsatsi ba. Na dai ga wuta ta tashi.

Kuma ko a lokacin ba gudu ka yi ba. Da rigarka tana ci, ka zagaya ka fizge ƙofar baya ka jawo Alhaji waje, don hayaƙi ya rufe shi ya rasa maɓuɗi. Sai da ka jefar da shi gefe sannan ka faɗi kana birgima, muka rufe ka da buhu da ƙasa. Alhaji ko gashin girarsa bai ƙone ba. Ya sami sallar Juma'a a sahun gaba.

Yanzu a gaya mini, don Allah, wane ne mai ganganci a nan?

Kwana goma sha ɗaya ka yi a gadon asibiti, an naɗe ka har ido ɗaya kawai ake gani. Ba ka yi raki ba. Da na zo rana ta huɗu na durƙusa ina kuka, sai ka ce in tashi, taubashi ba ya kuka a gaban taubashi, abin gori ne har jikoki. Ka tambayi direban, ko ya ji rauni. Ka ce a gaya wa Hajiya Zuwaira lokacin canza matatar fetur ɗinta ya yi. Na ce zan je in faɗi gaskiya, ka ce, "Bari, Sada. Kana da iyali. Abin da ya faru ya faru." Wannan magana taka ta fi wutar ƙona ni, kuma ina jin haushinka a kanta har yau. Wa ya ce ka yi ta ɗaukar kayan da ba naka ba? Wa ya ce kunya ta fi rai? Da ka tona mini asiri ran nan a gaban direbobi, da na yi wata guda ba na gaishe ka, da yanzu kana nan muna zagin juna.

Alhaji Dabo bai taka asibitin ba ko sau ɗaya. Ranar addu'ar uku ya zo da tawaga, aka sauke buhunan shinkafa a ƙofar gida yadda kowa zai gani. Ya zauna a kan darduma, ya karɓi gaisuwa kamar shi aka yi wa mutuwa, ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Gwadabe. Na sha gaya masa ya bar taɓa abin da bai sani ba." Daga bakinsa maganar ta fito, 'yan korensa suka ɗauka suka watsa gari, har ta zama wai kai ka haɗa injin. Alhaji, in wannan takarda ta iso gare ka, kuma na san za ta iso, ka ji tsoron Allah. Hannun da ya fitar da kai daga wuta bai gama ruɓewa ba. Ba na cewa ka yi niyyar kisa, ba ka san abin da makullin zai yi ba, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ƙaryar da ka yi bayan haka ba tsautsayi ba ce, da saninka ka yi ta. Shinkafarka tana nan a zaure, ba a kwance bakin buhu ko ɗaya ba, ka aiko a ɗauka.

Ni kuwa ina zaune a wurin, tazarar hannu ɗaya daga gare shi, na ji abin da ya ce, na shafa fatiha tare da kowa.

Ranar bakwai, bayan mutane sun ragu, Rabi ta aiko a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, tana ciki cikin takaba, Hauwa'u na zaune kusa da ita. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa. Sai ta ce Hauwa'u ta je ɗebo ruwa ta dawo tana kuka, wasu mata sun ce ubanta garin gwaninta ya kusa kashe babban mutum, Allah ya mayar masa da abinsa. Ta ce mijinta bai taɓa kawo mata maganar aiki gida ba, kuma a asibiti da ta tambaye shi, sai ya ce ta bar wa Allah. Ta ce, "Malam Sada, kai kana wurin, kuma kai ɗan'uwansa ne. Ba don kowa ba, don yaran nan. Shi ya haɗa injin?"

Na buɗe baki. Na ce, "Allah ya jiƙansa, Rabi, a yi haƙuri." Na sa takalmina na fita.

Kwana tara ke nan da wannan tambaya, ban ƙara bin ta layin gidan ba. Shekaranjiya na ajiye aikin Alhaji, ban jira ya kore ni ba. Wannan takarda na rubuta ta uku. Ɗaya ta tafi jarida, ɗaya tana hannun limamin unguwa, ɗaya kuma zan ba Hauwa'u, don ta iya karatu, ta karanta wa uwarta da ƙannenta. Gangar injin tana nan a bayan gareji inda aka tura gawar motar, wuta ba ta cin lamba. Duk mai so ya zo da rula, ni zan riƙe masa. Gwadabe, ka ce in bari, na saba bin maganarka in ta yi mini daɗi, wannan karon ba zan bi ba.

Ya Allah, ga bawanka Gwadabe ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka sa ƙunar da ya sha a duniya ta zama iyakar abin da zai sani na wuta. Ka ba shi ladan waɗanda suka yi shahada, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka raya ɗiyansa, Ka tsare su daga bakin mutane, Ka haɗa su da mazaje masu gaskiya irin ubansu. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi na Ƙofar Durɓi da na Ƙofar Kaura, da kanikawa da direbobin da suka san darajarsa, da Hajiya Zuwaira wadda ta yi jinyarsa kamar ɗanta. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma Rabi, Allah ya ba ki dangana, ya sa ki fita takaba lafiya. Kin yi mini tambaya na gudu, ga amsarki a gaban duniya. Ba shi ya haɗa injin ba. Ya duba, ya gane, ya ƙi, aka zage shi ya haɗiye. Ni na sayo injin, ni na roƙe shi ya yi shiru, kuma shirun da ya yi domina ne ya mayar da ke gwauruwa, ya mayar da Hauwa'u da ƙannenta marayu. Ba na roƙon ki yafe mini yanzu, ban kai nan ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne. Gobe in Hauwa'u za ta ɗebo ruwa, ki ce ta ɗaga kanta.